Rautar da kamfani ya kafa mana: gudu yana nan, amma murya tana zuwa a makare

Malam Habibu, Kaduna

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina neman haske daga waɗanda suka san harkar sadarwa a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ina koyar da karatun Alƙur'ani ta Zoom ga yaran wasu 'yan uwanmu mazauna Ingila, kuma darasin yakan kama ne bayan sallar isha'i, lokacin da kowa ya dawo gida. Kamfanin da ya ja mana wayar faiba shi ne ya kawo rauta, wato na'urar da ke raba intanet a cikin gida, ma'aikacinsa ya kafe ta a bangon falo, bai kuma ba ni kalmar sirrin shiga saitunanta na ciki ba. Da farko ina kan tsarin megabit 20, da abin ya ishe ni sai na koma na 50, ina zaton ƙarancin gudu ne. Gwajin gudu yana nuna mini adadin da na biya cif, amma da zarar wani a gidan ya fara tura bidiyo ta WhatsApp, ko wayar uwargida ta shiga kwashe hotuna zuwa Google Photos, sai muryar yaro ta riƙa isowa a makare, kafin in gyara masa madda ya riga ya wuce aya guda. Na kira kamfanin sau uku, amsarsu ɗaya ce, in kashe na'urar in sake kunnawa. Shin rautar ce, ko kuwa layin ne?

Injiniya Nafisa, Abuja

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a ɗora wa kowa laifi, ina roƙon ka yi wani ɗan gwaji. Ka haɗa kwamfuta da rautar ta waya, ka buɗe wurin rubuta umarni, ka rubuta ping 8.8.8.8, ka bar shi yana tafiya a lokacin da babu mai amfani da intanet a gidan, ka lura da adadin milisakan (kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa) da yake nunawa, wato lokacin da saƙo ke ɗauka ya je wannan adireshin ya dawo. Daga nan, ba tare da ka tsayar da shi ba, ka sa a ɗora babban bidiyo daga wata waya, ka sake duba adadin. Idan wannan ya yi maka wuya, shafin fast.com yana nuna lambobi biyu na jinkiri idan ka danna wurin ƙarin bayani, ɗaya na lokacin da layi yake fanko, ɗaya na lokacin da aka cika shi. Ka kuma gaya mana gudun ɗorawa da suka ba ka, domin kamfanoni sun fi tallata gudun saukewa.

Malam Habibu, Kaduna

Na gode, Injiniya. Na yi yadda kika ce. Lokacin da babu kowa a kai, adadin yana yawo tsakanin 26 da 30. Da ɗana ya fara ɗora bidiyon walimar makarantarsu, sai na ga ya haura 400, ya kai har 700, wasu layukan ma suka ce amsa ba ta dawo ba. Yana gamawa ya koma 28. Gudun ɗorawa kuwa megabit 10 ne, kuma yanzu na lura bai canza ba tun ina kan tsohon tsarin.

Injiniya Nafisa, Abuja

To, Malam, ka riga ka kama ɓarawon da hannunka. Abin da ka gani yana da suna a wurin masana, bufferbloat, wanda za mu iya kira da Hausa kumburin ma'ajin jira. Wani injiniya Ba'amurke, Jim Gettys, shi ya raɗa masa suna a 2010, bayan ya ga irin wannan a gidansa, ya bi diddigi har ya gano tushensa.

Ga yadda abin yake. Duk abin da ke fita daga gidanka, murya ce ko hoto, ana yanka shi ƙananan ƙunsoshi, babbansu yawanci bai wuce bayit 1,500 ba. Wayoyin gidanka suna iya watsa wa rauta waɗannan ƙunsoshi da gudu mai yawa, amma ƙofar fita zuwa kamfani megabit 10 kawai take ɗauka a daƙiƙa. Ragowar sai su tsaya a layi a cikin ma'ajin na'urar. Masu ƙera na'urori sun ga ƙwaƙwalwar ajiya ta yi araha, suna kuma ƙyamar a ce na'urarsu ta zubar da ƙunshi, sai suka riƙa sa ma'aji mai girman gaske. Lissafin a fili yake: ma'ajin megabayit ɗaya megabit 8 ke nan, kuma kafin ya fice ta ƙofar megabit 10 sai ya ci milisakan 800. Wannan bai yi nisa da abin da ka auna ba.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne yadda TCP, ƙa'idar da yawancin ɗorawa da saukewa ke bi, take aiki. Mai aikawa yana ƙara gudu ne a hankali har sai ya ga ƙunshi ya ɓace, wannan ita ce alamar da ke gaya masa hanya ta cika, ya sassauta. Idan ma'aji ya yi girma, alamar ba ta isa gare shi da wuri, sai ya yi ta turowa har layin ya cika maƙil, kuma haka zai zauna a cike muddin bidiyon bai gama tafiya ba. Ka ɗauka a bakin famfon unguwa ne: yaro ya zo da kofi ɗaya yana jin ƙishirwa, ya tarar da mai garuwa da kura cike da jarkoki a gabansa, kuma doka ta ce wanda ya fara zuwa shi ne zai fara ɗiba. Muryarka ita ce kofin. Ba ta buƙatar ruwa mai yawa, amma dole ta jira a cika jarkoki. Shi ya sa ƙarin kuɗin da ka biya bai amfane ka ba, an faɗaɗa maka ƙofar shigowa ne alhali cunkoson yana ƙofar fita.

Alhaji Garba, Kano

Injiniya, bayaninki ya gamsar, amma ina da ja a wani ɓangare. Shekaru sama da goma ina sayar da kayan sadarwa ina kuma haɗa wa mutane, kuma a ganina babbar matsalarmu nisa ce. Ɗaliban Malam suna Ingila. Muryarsa sai ta gangara Legas, ta shiga wayar ƙarƙashin teku, ta fita Turai. Kowa ya tuna ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da wayoyin WACS da MainOne da SAT-3 da ACE suka samu matsala a teku ta wajen Kwaddibuwa, har bankuna suka tsaya. Wannan babu rautar da za ta gyara shi. Ina tsoron kada mu sa bawan Allah ya kashe kuɗi a kan sabuwar na'ura, alhali ciwon yana can cikin ruwa.

Injiniya Nafisa, Abuja

Alhaji, maganarka gaskiya ce a muhallinta, nisa yana da kuɗinsa kuma babu mai yafe shi. Haske a cikin wayar faiba yana tafiyar kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa. Wayar MainOne daga Legas zuwa Fotugal kusan kilomita 7,000 ce, wato zuwa da dawowa milisakan 70 ke nan tun kafin a lissafa sauran hanya. Amma ka lura da halin wannan jinkiri: a tsaye yake, ba ya ƙaruwa don ɗan Malam ya ɗora bidiyo, ba ya kuma raguwa don ya gama. Ƙungiyar sadarwa ta duniya, ITU, a shawararta mai lamba G.114, ta nuna cewa idan jinkirin tafiya ɗaya bai wuce milisakan 150 ba, yawancin mutane suna hira ba tare da sun takura ba. Nisan Kaduna zuwa Landan yana shiga cikin wannan iyaka. Abin da ya fitar da Malam daga cikinta shi ne ƙarin ɗaruruwan milisakan da ake samarwa a bangon falonsa. Adireshin da na ba shi ma na zaɓe shi ne don amsarsa ba ta yin nisa, shi ya sa ya ga 28 a lokacin da babu cunkoso. Cibiyar musayar intanet ta Najeriya, IXPN, wadda aka kafa a 2006, ta rage mana yawan bayanan cikin gida da a da suke zagayawa ta Turai kafin su dawo, amma duk wannan ribar tana iya salwanta a taku na ƙarshe idan layin da ke cikin rauta ya kumbura.

Alhaji Garba, Kano

Na karɓi wannan. To amma yawancin rautocin da nake gani suna da wurin da aka rubuta QoS, inda ake fifita wata na'ura a kan wata. Ashe ba shi ne maganin ba?

Injiniya Nafisa, Abuja

Yana ɗan taimakawa, Alhaji, amma a mafi yawan na'urori fifiko kawai yake bayarwa, ba ya rage tsawon layin, kuma sai mutum ya zauna ya lissafa wace waya ce ta fi wace muhimmanci. Maganin da ya fi inganci ya fito ne a 2012, lokacin da Kathleen Nichols da Van Jacobson suka fitar da wata dabara mai suna CoDel. Maimakon ƙirga yawan ƙunsoshin da ke layi, tana duba tsawon lokacin da kowanne ya yi yana jira. Idan jiran ya zarce milisakan 5 kuma ya ɗore har tsawon milisakan 100, sai ta zubar da ƙunshi ɗaya da gangan domin mai aikawa ya samu labari ya sassauta. A shekarar kuma Eric Dumazet ya haɗa ta da rarraba layi, aka samu fq_codel, wadda ke raba zirga-zirga zuwa layuka 1,024, tana ɗiba daga kowanne bi da bi, tana kuma shigar da mai ɗan ƙaramin kaya gaba. Wato mai kofi ba ya ƙara jiran mai kura. An rubuta ta a hukumance a takardar ƙa'idojin intanet mai lamba RFC 8290 a 2018, kuma a shekarar ne ƙanwarta CAKE ta shiga babbar manhajar Linux 4.19. Marigayi Dave Täht, wanda ya rasu a 2025, ya shafe shekaru yana fafutukar ganin waɗannan sun shiga rautocin gidaje. Duk kyauta ne, babu lasisin da ake biya.

Sharaɗi ɗaya ne: dole layin ya kasance a cikin na'urar da ke da wannan basira. Don haka ake saita ta ta riƙa fitar da kaya ƙasa kaɗan da ainihin gudun layi, kamar kashi 90 cikin 100, domin kada ma'ajin na'urar kamfani ya samu abin tarawa. A OpenWrt, manhajar kyauta da ake ɗora wa rauta a madadin wadda ta zo da ita, ana kiran wannan SQM, kuma lambobi biyu kawai ake cikewa, gudun saukewa da na ɗorawa.

Bashir, Zariya

Ina aiki a wani ƙaramin kamfanin samar da intanet, don haka bari in kawo yadda abin yake daga wancan ɓangaren, ba don in wanke mu ba. Rautocin da muke rabawa ana sayo su ne da yawa, kuma farashi ne ke yanke hukunci. Yawancinsu suna da ƙwaƙwalwa mai rauni, abin da ke sa su iya gudu mai yawa shi ne wata gajeriyar hanya da aka gina a cikin guntun lantarkin, wadda ke wuce da ƙunsoshi ba tare da babbar ƙwaƙwalwar ta taɓa su ba. Da zarar an kunna CAKE, dole kowane ƙunshi ya bi ta ƙwaƙwalwar, kuma na'ura mai arha tana iya gazawa a manyan tsare-tsare. A megabit 10 ko 50 dai yawancinsu za su iya, sai dai manhajar da masu ƙerawa suke sa musu sau da yawa ba ta zo da wannan zaɓin ba sam, mu kuma ba mu da ikon sake rubuta ta.

Dalili na biyu na kasuwa ne. Mai saye yana auna mu da lamba ɗaya, ta gwajin gudu. Idan muka rage kashi 10 don mu kawar da jinkiri, wanda ya biya 50 zai ga 45, ya kira yana faɗa, alhali kiransa na bidiyo ya fi na da kyau nesa ba kusa ba. Game da rufe saituna kuwa, muna kula da na'urorin ne daga ofis ta ƙa'idar TR-069, kuma duk wanda ya taɓa zuwa gyara a gidan da yaro ya jagwalgwala saituna zai fahimci dalilin. Ina kuma gargaɗin kada kowa ya yi ƙoƙarin ɗora OpenWrt a kan na'urar faiba ta kamfani. An yi mata rajista da lambarta a na'urar da ke ofishinmu, idan ta lalace layin ya mutu, kuma galibi mallakar kamfani ce.

Hajiya Rabi, Sakkwato

Malam Bashir, na yaba da gaskiyarka, amma hujjar nan ta biyu ba ta kwanta mini ba. Ina da shagon ɗinki, ina kuma nuna wa masu saye kaya ta kiran bidiyo, ban san OpenWrt ba kuma ba ni da lokacin koyonta. Idan ku da kuka san ciwon kun san maganin, kuma maganin kyauta ne, bai dace a bar wa mai saye nauyin sayen na'ura ta biyu ba. Ku ne kuka koya mana kallon lambar megabit da tallace-tallacenku, ku ne kuma za ku iya koya mana kallon lambar jinkiri. Tunda kun ce kuna iya shiga na'urorin daga ofis, me ya hana ku gyara su daga ofis?

Bashir, Zariya

Hajiya, kin yi gaskiya, kuma akwai abin da ya fi wannan ma. Layin saukewa ba a gidanki yake taruwa ba, a na'urorinmu yake taruwa kafin ya gangaro, don haka mu ne muka fi kowa damar gyara shi. Akwai manhaja ta kyauta mai suna LibreQoS wadda kamfani zai ɗora a kan kwamfuta ɗaya a cibiyarsa, ta yi wa kowane mai saye nasa CAKE ɗin, ba tare da an shiga gidan kowa ba. Na gabatar da wannan a wurin aikinmu, har yanzu ana kan tattauna kuɗin kwamfutar da wanda zai kula da ita. A ƙasashen da ake kai intanet ta wayar talabijin, ƙa'idar DOCSIS 3.1 ta wajabta wa kowane modem ya zo da dabarar sarrafa layi mai suna PIE, masu ƙerawa kuma suka bi domin ba su da zaɓi. Darasin da na ɗauka daga nan shi ne idan mai sayen na'urori dubu ya rubuta sharaɗin a takardar oda, masu ƙerawa za su kawo.

Isma'ila, Maraɗi

Ina biye da ku tun farko. Mu a nan rautar da ke ɗaukar layin waya muka fi amfani da ita, ta 4G. Gudunta da asuba daban, da daddare daban. Idan aka ce in saita kashi 90 na gudun layi, na wane lokaci zan ɗauka?

Injiniya Nafisa, Abuja

Tambayarka ita ce mafi wuya a wannan fanni, Malam Isma'ila. A layin waya gudun yana canzawa ne bisa yawan mutanen da ke kan ƙarfen sabis ɗaya da kuma ƙarfin siginar, kuma babban ma'ajin yana can a wurin kamfani. Idan ka saita bisa gudun asuba, da daddare saitin ba zai yi aiki ba. Idan ka saita bisa na dare, ka yi asarar gudu da rana. Mai son kira mai tsabta ya fi kyau ya zaɓi na ƙasa, musamman a ɓangaren ɗorawa. Akwai kuma wani ɗan shiri mai suna cake-autorate da ke aiki a kan OpenWrt, yana auna jinkiri a kai a kai, yana ɗaga iyakar ko ya sauke ta da kansa. Kafin duk wannan, ka matsar da rautar kusa da taga ta ɓangaren da ƙarfen yake, domin sigina mai rauni yana sa a yi ta maimaita aika ƙunshi ɗaya.

Wannan ya tuna mini da Wi-Fi, wanda shi ma yana da nasa layin. Waya ɗaya da ke can ƙuryar gida bayan bango uku tana magana a hankali, kuma muddin tana magana sauran suna jira, don iskar ɗaya ce. Wi-Fi yana aiki a zanguna daban-daban, kuma a zangon 2.4 GHz tashoshi uku ne kawai ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11, kuma a unguwa mai cunkoso maƙwabta sun cika su. Wanda na'urarsa ke iya zangon 5 GHz ya koma can, wanda kuma sana'arsa ta dogara da kira, kamar Malam Habibu, ya ja waya daga rauta zuwa kwamfutarsa.

Alhaji Garba, Kano

Na ji ana maganar wata sabuwar dabarar rage jinkiri, L4S. Idan tana tafe, ashe ba gara a jira ta ba?

Bashir, Zariya

Alhaji, an wallafa ƙa'idar wannan tsari a RFC 9330 a Janairun 2023, Apple ya sa shi tun iOS 17, kamfanin Comcast na Amurka kuma ya fara kunna shi a wasu birane a 2025. Maimakon zubar da ƙunshi, alama ake yi masa tun cunkoso bai yi nisa ba. Sai dai yana buƙatar na'urar mai aikawa da ta mai karɓa da na'urar da ke wurin matsi duk su fahimce shi. Ba na ganin hikimar jiransa alhali fq_codel da CAKE suna aiki yau da duk wayoyin da ke hannun mutane.

Malam Habibu, Kaduna

Na dawo da rahoto bayan kwana biyar. Wani ɗalibina na da ya aro mini rauta mai OpenWrt, muka jona ta a bayan ta kamfani, muka sa kowa ya bar Wi-Fi na ta kamfanin ya bi ta sabuwar, muka sa 45 a saukewa da 9 a ɗorawa. Na sa ɗana ya sake ɗora bidiyon nan, adadin bai wuce 35 ba. Daren jiya na yi darasi uku a jere ba tare da na roƙi kowa ya ajiye wayarsa ba, na kuma tsayar da yaro a kan ghunna a daidai wurin da ya yi kuskuren. Abu biyu ne suka rage. Ƙaramin batirin da ke riƙe mini rauta idan an ɗauke wuta yanzu na'ura biyu yake ɗauka, don haka yana saurin ƙarewa. Sannan na nemi kamfanin ya mayar da tasu na'urar gada kawai, wato ta riƙa miƙa wa sabuwar layi ba tare da yin aikin rauta ba, wanda ya ɗauki wayar ya ce ba a yi wa masu tsarin gida. Malam Bashir, idan zan rubuta musu takarda, me ya kamata in nema da sunansa?

Bashir, Zariya

Malam, ka haɗa hotunan gwajin biyu, na kafin gyara da na bayansa, da ranar da lokacin da ka yi kowanne. Ka rubuta cewa ba ka ƙorafi a kan gudu, kana ƙorafi ne a kan jinkiri a lokacin da layi yake cike, ka kuma nemi ɗaya daga cikin abu biyu: su kunna fq_codel ko CAKE a kan layinka daga ɓangarensu, ko su mayar da na'urar gada su ba ka bayanan shiga. Ka nemi a miƙa takardar ga sashen injiniyoyi, ka karɓi lambar ƙorafi, domin ita ce hukumar NCC za ta tambaye ka idan ka kira 622. Game da batirin kuma, ka duba bayan sabuwar rautar ka gaya mini bolt nawa da amfiya nawa aka rubuta, sai mu lissafa girman wanda zai riƙe su duka biyun har ka gama darasi.